Amsar Kawu Kan Rubuta Sunayen Darussa da Ingilishi

'Yata, saƙonki ya iso lafiya. Kin ce kina neman gurbi a Jami'ar Buea da ke yankin masu Ingilishi na Kamaru, kina kuma tambaya ko a al'adar masu Ingilishi da babban baƙi ake fara sunayen darussa, kuma ko ana sa musu "the" a gaba. Madalla da kika tambaya kafin takardar ta bar hannunki.

Tun firamare a Garwa alƙalaminki da Faransanci ya saba, shi ne zai riƙa jan ki. Bafaranshe da ƙaramin baƙi yake rubuta "le français" da "l'anglais". Mai Ingilishi kuwa babban baƙi yake ba sunan harshe duk inda ya faɗo, ko a tsakiyar jimla ne: English, French, Arabic, Hausa, Fulfulde. Sauran darussa irin su history, chemistry da geography ƙaramin baƙi ne a cikin zance, sai in da su aka buɗe jimla. In sunan sashe ne, kamar "Department of History", sai a koma babban baƙi. A fom kuwa, inda kowane darasi ke layinsa, fara su duka da babba.

Zancen "the" ya fi kama yaranmu. Faransanci na cewa "j'étudie l'histoire", inda "l'" ke matsayin "the", sai yaro ya ɗauko wannan ya rubuta "I study the history". Ba haka ake yi ba. "I study history and mathematics" ake cewa, kai tsaye. Sai an keɓe abu take shigowa, kamar "the history of Cameroon". Kuma kada "s" ɗin ƙarshen mathematics, physics da economics ya ruɗe ki, "mathematics is" ake cewa, ko da yake mathematics jam'i ne a Faransanci.

Kada ki ce ƙaramin abu ne. Ajamin kakanninmu ba shi da babban baƙi sam, amma malamin allo ba ya barin ɗigo ɗaya ya ɓace, domin ɗigo ke raba harafi da harafi. Tun haɗewar yankin masu Faransanci da na masu Ingilishi a 1961 Kamaru ke tafiya da harsunan biyu, kuma ina son wanda ya buɗe takardarki a Buea ya ga 'yar Arewa ta riƙe duka biyun da kyau.

Ki gyara ki turo mini in duba kafin ki aika. Ki gaida mahaifiyarki. Allah Ya ba da sa'a.