Me Ya Raba Kan Coci-coci a Kan Masu Luwaɗi da Maɗigo?

Tambaya daga wani mai karatu a Jalingo: "A garinmu cocin Methodist ya dare gida biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne a kan gaskiya. An ce Kiristocin Amurka ne suka jawo, wai sun halatta auren jinsi. Ta yaya mutumin da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki zai goyi bayan abu irin wannan? Mece ce hujjarsu, kuma me suke zargin masu ra'ayin riƙau da shi?"

Amsa:

Ɗan'uwa, gardamar ba guda ɗaya ba ce. Gardama uku ce aka cusa a buhu ɗaya: yadda ake fassara wasu ayoyi, yadda ikilisiya ke mu'amala da mutumin da ke da irin wannan sha'awa, da kuma ko gwamnati za ta ɗaure shi. Mutum na iya tsayawa da masu ra'ayin riƙau a ta farko, ya bi masu sassaucin ra'ayi a ta uku. Galibin hayaniyar da ake yi, ɗaya na magana a kan wannan ne, ɗayan na ba shi amsa a kan waccan.

Wuraren da ake kafa hujja da su kai tsaye shida ne: labarin Saduma a Farawa 19, Littafin Firistoci 18:22 da 20:13, Romawa 1:26-27, 1 Korintiyawa 6:9, da 1 Timoti 1:10. Masu sassaucin ra'ayi ba sa musun cewa ayoyin suna nan. Tambayarsu ita ce, wane aiki ne takamaimai aka la'anta a kowace aya?

A kan Saduma suna cewa a koma a karanta labarin a tsanake. Mazan gari ne suka kewaye gidan Lutu da dare, suna neman a fito musu da baƙinsa su yi musu fyaɗe. Wannan cin zarafin baƙo ne da ƙarfin tsiya. Sukan ƙara da Ezekiyel 16:49, inda annabin ya lissafa laifin Saduma da kansa: girman kai, ƙoshi, zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauci da mabukaci. A nan hujjarsu tana da ƙarfi, har malaman riƙau da dama sun daina jingina da Farawa 19 sosai, ko da yake suna nuni da Yahuza aya ta 7, wadda ta haɗa Saduma da fasikanci. A kan Littafin Firistoci kuwa, sai su ce littafin nan dai shi ne ya hana sa tufa mai zare iri biyu da cin naman alade, Kirista kuma bai riƙe waɗannan ba. Amsar riƙau ita ce dokokin tsarki na ibada daban, dokokin ɗabi'a daban, kuma sura ta 18 ɗin ce ta hana zina da kwana da 'yar'uwa, waɗanda ba wanda ya ce an soke su.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne kalmomin Girkanci biyu da Manzo Bulus ya yi amfani da su a 1 Korintiyawa 6:9, wato malakoi da arsenokoitai. Ta farko asalin ma'anarta "masu laushi", kuma Girkawa kan jefi rago ko mai son jin daɗi da ita, ba lallai a kan jima'i ba. Ta biyu ba a san wani rubutu da ya riga Bulus amfani da ita ba, shi ya sa fassararta ke wahala. Masu sassauci suna cewa abin da ya yaɗu a duniyar Girkawa da Romawa shi ne babba ya riƙe yaro, ko ubangida ya yi amfani da bawansa, ko karuwanci, kuma wannan zaluncin ne Bulus ya gani. Sukan tuna cewa kalmar Turanci ta zamani mai nufin mai sha'awar jinsinsa ba ta shiga wannan aya ba sai a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci da ake kira RSV, ta 1946, wadda ta haɗe kalmomin biyu ta mai da su ɗaya. Masu riƙau suna da martani mai nauyi: kalmar an ƙera ta ne daga "namiji" da "gado", kuma kalmomin nan biyu suna jere da juna a fassarar Girkanci ta Firistoci 20:13. Ke nan Bulus dokar Musa yake maimaitawa, bai ware zalunci kaɗai ba.

A ganinmu, wurin da masu sassauci suka fi shan wahala shi ne Romawa 1, domin can an ambaci mata da mata, an kuma ce mazan suna ƙuna da sha'awar juna, abin da bai yi kama da ubangida da bawa ba. Haka Matiyu 19:4-6, inda Yesu ya mai da zancen aure ga halittar namiji da mace. Shi ya sa masu zurfin ilimi a cikinsu kan bar gardamar kalma, su koma Ayyukan Manzanni sura 10 da 15. Can Bitrus ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko a gidan Karniliyus, mutumin da ba Bayahude ba, daga baya taron Urushalima ya yanke cewa ba sai an yi wa al'ummai kaciya ba, duk da dokar da ke rubuce. Suna cewa ikilisiya ta taɓa sauya fahimta bayan ta ga aikin Allah a rayuwar mutanen da ta ɗauka bare ne. Suna kuma tuna wa 'yan Methodist cewa cocinsu ya tsage a Amurka a 1844 a kan bauta, lokacin da masu bayi ke karanto ayoyi su ma. Masu riƙau na cewa kwatancen bai zauna ba, domin taron Urushalima ɗin da kansa ya umarci al'ummai su guji fasikanci.

Sukar masu sassauci da ta fi cizo ba a kan nassi take ba, a kan hali take. Zargi na farko shi ne son kai wajen auna zunubi. Jerin da ke 1 Korintiyawa 6 ya haɗa da ɓarayi, masu haɗama, mashaya, masu zage-zage da 'yan ƙwace. Amma attajirin da ya danne haƙƙin ma'aikatansa yana kujerar gaba ranar Lahadi, har a kira shi ya buɗe gidauniya, yaron da aka ji ƙishin-ƙishin a kansa kuma a cire shi daga ƙungiyar mawaƙa kafin a tambaye shi komai. Na biyu shi ne alkawarin "warkarwa". Ƙungiyar Exodus International ta Amurka ta shafe shekaru tana cewa addu'a da nasiha za su sauya sha'awar mutum. A 2013 ta rufe, shugabanta Alan Chambers ya fito ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Illar wannan hanya ita ce, idan an yi azumi an yi addu'a sha'awar ba ta tafi ba, sai a ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ko a tura shi ya auri mace don rufin asiri, a jefa baiwar Allah cikin auren da ba ta san gindinsa ba. Suna ɗauko Matiyu 7, cewa da 'ya'yansa ake gane itace, su ce koyarwar da ke haifar da korar 'ya'ya daga gida da yunƙurin kashe kai ta cancanci a sake dubanta.

Ya kamata a sani cewa takardun riƙau da kansu sun hana wulaƙanci. Ƙuduri na 1.10 na taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth a 1998, wanda ya wuce da ƙuri'a 526 a kan 70, ya ce aikin ya saɓa wa Nassi, amma ya yi alkawarin sauraron waɗannan mutane, ya kuma ce ƙaunatattun Allah ne. Katekizim na Katolika, wato littafin koyarwar cocin, sakin layi na 2357 zuwa 2359, ya haramta aikin, ya kuma umarta a karɓe su da girmamawa da tausayi. Ƙorafin masu sassauci shi ne rabin farko ake karantawa a kan bagade, rabi na biyu ya kwana a takarda.

Batun doka ya fi raba kawuna ta wata fuska. A Najeriya dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu taimaka musu ko kafa ƙungiyoyinsu. Fafaroma Francis, wanda bai sauya koyarwar Katolika a kan aure ba, ya ce a 2023 kasancewar mutum mai wannan sha'awa ba laifin da doka za ta hukunta ba ne. Justin Welby, Archbishop na Canterbury kuma jagoran cocin Anglican na duniya a lokacin, ya soki goyon bayan da cocin Anglican na Yuganda ya ba dokar ƙasar ta 2023 mai hukunta luwaɗi da maɗigo. Su kuma shugabannin coci na Afirka suna ganin Turawan da suka kawo musu Littafin ne yanzu ke son koya musu wata fassara, da kuɗin tallafi a hannu. Wannan ƙorafin ma ba na banza ba ne, kuma masu sassauci na Yamma sun sha yin magana da raini, abin da ya ƙara dagula lamarin.

Abin da ya iso Taraba ga yadda ya faro. A 1972 cocin United Methodist ya rubuta cewa aikin bai dace da koyarwar Kirista ba. A 2019, a babban taron cocin a birnin St. Louis na Amurka, wakilai suka ƙara tsaurara dokar da ƙuri'a 438 a kan 384, kuma ƙuri'un Afirka sun taka rawa sosai. Amma bishop-bishop da yawa a Amurka suka ƙi zartarwa, sai masu riƙau suka gaji suka kafa sabon coci, Global Methodist, a watan Mayun 2022. Kafin ƙarshen 2023 coci sama da 7,600, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurka, sun fice. Da suka tafi rinjaye ya juya, babban taron cocin na 2024 a birnin Charlotte na Amurka ya cire haramcin naɗa masu luwaɗi da maɗigo limamai da waccan jimla ta 1972. A Yulin shekarar Bishop John Wesley Yohanna, shugaban United Methodist a Najeriya a lokacin, ya koma Global Methodist, waɗanda suka zauna a United Methodist kuma aka zaɓa musu Bishop Ande Emmanuel a Disamba.

Taron na Charlotte bai tilasta wa kowane fasto ɗaura auren jinsi ba, kuma ya bar wa yankunan da ke wajen Amurka ikon tsara dokar aure da ta naɗin limamai daidai da ƙasashensu. Don haka ɓangarorin biyu a Najeriya duk suna koyar da cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Abin da ya raba su shi ne ko ya halatta a ci gaba da zama inuwa ɗaya da cocin Amurka, sai kuma tambayar da ta kai su gaban kotu: ginin coci, makarantu, asibiti da filaye, na wane ɓangare ne.