Dole ne a kashe tsuntsu kafin a samu DNA ɗinsa?

Tambaya: Dokta, ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a nan Sakkwato. Na kama wani ɗan tsuntsu da taru a fadamar Kware, ina zaton Acrocephalus paludicola ne. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce idan na sake kama irinsa in kashe shi in jiƙa a fomalin, sinadarin hana ruɓewa, don ciro alamomin gado daga DNA ɗinsa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki fara duba kansa, domin idan babu zane mai haske a tsakiyar ka, mai yiwuwa ɗan'uwansa Acrocephalus schoenobaenus ne, wanda ya saba cin rani a fadamunmu. Shi paludicola a Poland, Belarus da Yukren ya fi ƙyanƙyasa, kuma sai a 2007 aka gano masaukinsa na rani a Djoudj ta Senegal. Jerin COI, wani yanki na DNA da ake bambance nau'in halitta da shi, zai raba gardama, amma sanin dangantaka tsakanin tsuntsayen sai da microsatellite, wato gajerun guntayen DNA masu maimaituwa, da aka gwada a kansa, tunda waɗanda aka aro daga wani nau'in sukan tsallake wasu alamomin.

Batun kisa kuwa na gaji da jinsa. Tsuntsun da ke cikin jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na masu fuskantar barazanar ƙarewa, wanda nauyinsa bai wuce giram 12 ba sosai, shi za a kashe da sunan ceto? Ɗigon jini daga jijiyar fiffike ya isa aikin PCR, wato ninka DNA a ɗakin gwaji, har ya yi saura, haka ma gashi biyu da aka tuge da tushensu, sannan a sake shi ya tashi. Da irin wannan ɗigon aka gano cewa 'ya'yan sheƙa ɗaya sukan fito daga ubanni da yawa. Fomalin kuma yana ɗaure DNA da furotin ya kakkarya shi, ga asarar tsuntsu ga asarar kuɗin sinadarai, amma duk shekara sai an kawo mini kwalba mai yaji a ido ana tambayar dalilin da gwaji ya ƙi.

Ki sa jinin a itanol mai ƙarfin kashi 96, gashin kuma a ambulan ta takarda, domin leda tana tara gumi a zafin Sakkwato har ya yi fumfuna. Ki rubuta rana da wuri da fensir, tunda itanol yana wanke biro.