Amsa ga malamin aji uku: yaranka hadda suke yi, ba karatu ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka aji uku a firamaren da kake koyon aiki, yara sun haura tamanin, dukansu da Hausa suka tashi. In ka rubuta darasin Turanci a allo ka karanta, sai su amsa da ƙarfi har ajin maƙwabta ya ji, amma da ka tsayar da yaro ɗaya ka nuna masa kalma sai ya yi tsuru-tsuru. Hedimasta kuma ya ce ka hana Hausa a aji, monita ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi ta. Kana tambaya ta ina za ka fara.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Yawancin yaran nan sun biyo ta makarantar allo ko Islamiyya, kunnensu ya gogu, sau biyu za ka faɗi jimla su ɗauke ta. Baiwa ce, kada ka raina ta, sai dai ita ce ke rufe maka ido. Ka riƙa kiran su ɗai-ɗai, ko da goma ne a rana. Nuna wa yaro kalmomin darasin jiya a hargitse, daga ƙarshe zuwa farko. Sannan ka rubuta masa tuwo, gida, makaranta. Wannan na biyun shi ne gwajin gaskiya. Wanda ya karanta Hausar ya kasa Turancin, aikinsa mai sauƙi ne. Wanda ya kasa duka biyun bai riga ya gane cewa kowane harafi sauti yake ɗauke da shi ba, kuma ina kyautata zaton su za ka tarar sun fi yawa.

Irin wannan yaro kaya biyu ake ɗora masa a kai lokaci ɗaya: koyon yadda rubutu ke aiki, da koyon harshen da ba ya ji. Sauke masa ɗaya. Koya masa karatu da Hausa, ka koya masa Turanci da baki da kunne, daga baya ka haɗa masa su. Rubutun Hausar boko yana da sauƙin kamawa, galibi abin da aka rubuta shi ake faɗa. Baƙi da wasali su ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma, kalmar kuma ya san ta tun yana goye. Turanci haruffa 26 ne da sautuka wajen 44, harafin a kaɗai daban yake fita a cat, da cake, da car, da call. Yaron da ya iya haɗa sauti da sauti a Hausa ba sai ya sake koyon haɗawa ba, sabbin ƙa'idoji kawai zai ƙara.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su koma baya a Turancin ba, a sauran darussa kuwa sun yi fice. Tsarin ilimi na ƙasa tun na 1977 ya ce a koyar da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Abuja takan sauya magana, amma yaron da ke zaune a gabanka har yanzu da Hausa yake tunani. In za ka iya samun littattafan Mu Karanta! Let's Read! da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, nemi aro ka duba, a kan wannan tsari aka gina su.

Turancin baki kullum ne, ba fashi. Ba da umarni su aikata: tashi, zauna, taɓa hanci, buɗe ƙofa. Shigo da kofi da cokali da albasa, a riƙe a faɗi sunansu cikin jimla. Nan ne haddarsu za ta yi maka rana. Ƙa'idata ita ce kada yaro ya haɗu da kalma a rubuce kafin ya ji ta, ya faɗe ta, ya san ma'anarta.

Sai wuraren da ɗan Bahaushe ke tuntuɓe in ya tsallaka zuwa Turanci, nan nake so ka buɗe kunne. Na farko harafin c. A Hausa shi ne na ciki da cokali, saboda haka yaron da ya iya Hausa zai ga cat ya ce chat. Kada ka tsawata masa, shaida ce cewa ya fara karatu. Gaya masa a fili, da Hausa, cewa a Turanci wannan harafi galibi k yake bayarwa, sautin da ya sani kuma ch ake rubuta shi.

Na biyu p da f. Mu sauti ɗaya gare mu a nan, da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa pan da fan, pull da full suke zama abu guda a kunnen yaro. Tsarin Jolly Phonics, na koyar da karatun Turanci ta sautin haruffa, wanda aka horar da malamai da yawa a kai, da s, a, t, i, p, n yake farawa, wato tun makon farko ga p ta tare hanya. Kada ka wuce da gudu. Ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban baki: a p leɓɓa sukan rufe su fashe, takarda ta yi tsalle, a f haƙoran sama ke sauka a leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Su kalli bakinka, su kalli bakin juna. Haka za ka yi da v da b. Shi kuwa th, a sa harshe tsakanin haƙora. Za su yi dariya, bar su su yi, amma kada ka ɓata mako a kansa, ba ya hana fahimta.

Na uku baƙaƙe a jere. Bakinmu ya saba sa wasali tsakanin baƙi da baƙi, shi ya sa yaro zai ce sukul, sitof, maimakon school da stop, kuma haka zai rubuta. Fara da top, ka ja s a gabanta a hankali har su manne. Wasu kuma za ka ga suna fara rubutu daga dama saboda sabo da allo, ko suna rikita b da d. Ɗigo a gefen hagu na kowane layi yana maganin na farkon.

In sun fara jimla za ka ji Musa he went, ka ji an kira mota she. Hausar ce ke magana: Musa ya tafi, mota ta tsaya. Rubuta jimlar Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, su da kansu su gano abin da Turanci ya yar.

Batun yawa, raba ajin bisa gwajin nan naka: masu koyon sauti, masu haɗa gaɓa, masu karanta jimla. Yanka kwali ka yi katunan haruffa, marafan kwalba ma suna yi. Ka zauna da rukuni ɗaya minti goma sha biyar, sauran suna aiki biyu-biyu, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Amshin taro kada ya wuce minti biyar. Duk bayan labari ka tambaye su da Hausa me ya faru, ka karɓi amsar, ka mayar musu da ita da gajeren Turanci su maimaita.

Hedimasta kuwa, kada ka yi jayayya da shi a gaban malamai, kai baƙo ne, kuma shi zai sa hannu a takardarka. Rubuta sunan masu yin Hausa shiru yake haifarwa, yaron da ya yi shiru kuma ba za ka san inda ya ɓace ba. Same shi a ofis da takardar gwajin, suna da suna, ka ce: ranka ya daɗe, ga waɗanda ba su san sautin harafi ba, ina neman izinin minti ashirin na karatun Hausa kowace safiya, darasin Turanci kuma zan yi shi da Turanci sai inda bayani ya kama. Roƙe shi ya zo da kansa ya sake gwada su a ƙarshen zango, da kalmomin da ba a taɓa rubuta musu a allo ba.