Shin maganin ciwon damuwa zai sa ɗana ya riƙa shiga mutane? Ga abin da na gani a kaina

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 15 yana da otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane), ba ya shiga mutane, kin kuma ji ana cewa ƙarancin sirotonin ne, wato wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, shi ne kike tunanin ko likita ya ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa. Ni ma ina da otizim, sai da na haura talatin aka gano, kuma shekarata shida ke nan ina shan sertraline, ɗaya daga cikin magungunan ciwon damuwa masu aiki a kan sirotonin.

Zancen ƙarancin nan kada ki riƙe shi da hannu biyu. Tun 1961 wasu masu bincike a Amurka, Schain da Freedman, suka gano cewa a cikin yara masu otizim akwai waɗanda sirotonin ɗin jininsu yawa ma ya yi. Daga baya aka ga haka abin yake ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Sannan kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin a hanji ake haɗa shi, na cikin jini kuma ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa. Don haka gwajin jini ba zai ce miki a ba shi magani ko kada a ba shi ba.

Ni abin da ya kai ni gun likita tsoro ne. Waya za ta yi ta ƙara a hannuna ina kallonta har ta katse. In na je taro sai in yi minti ashirin a bakin ƙofa, gabana na dukan uku-uku, ina bitar yadda zan gaisa. Wajen mako na shida da fara maganin, wata rana na ɗaga waya na gama magana kafin na tuna ai da can ba na iyawa. To amma har gobe, sa'a guda cikin hayaniya tana gajiyar da ni kamar na yi dako, kallon ƙwayar idon mutum yana min nauyi, wani barkwancin kuma sai na kwanta da dare nake gane shi. Fargabar ce ta ragu, halina yana nan daram.

Kuma ba a banza na samu ba. Makonni biyun farko tashin zuciya, rashin barci, ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya, sai da aka raba min ƙwayar biyu. Da aka taɓa ƙara min yawanta kuwa, daɗi da baƙin ciki duk suka zama salam, kamar ina kallon duniya ta bayan gilashi.

Naki yaro ne, nan ne nake jan hankalinki. A 2009 an gwada citalopram, wani magani irin wanda nake sha, a kan yara 149 masu otizim don rage maimaita abu ɗaya, bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta ba, sai dai ƙarin rawar kai da rashin barci. Tun 2004 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna na iya tayar wa yara da matasa tunanin kashe kai, musamman a farkon shansu.

Kafin ki ga likita, tambayi yaron: yana son abokai tsoro ke hana shi, ko zaman kaɗaicin ne ke masa daɗi? In baki ya yi masa nauyi, ki tura masa a rubuce, ni kaina na fi sakewa a rubutu. In tsoro ne ko ƙunci, magani na iya taimakawa, a fara da kaɗan, ki riƙa rubuta barcinsa da yanayinsa kullum. Kada a haɗa shi da tramadol, kada kuma a daina farat ɗaya. Na taɓa yin kwana uku ban sha ba, jiri ya hana ni miƙewa.