Ga ƙanwata mai son gyara kicin ɗin haya da riyal 500

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun bayan sallar asuba na karanta tambayarki, na ajiye wayar, na sake ɗauka, domin abin da kika bayyana shi ne halin da na taɓa shiga a nan Jidda. Kin ce kabad ɗin kicin ɗinki ya tsufa, ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta kumbura, mai ginin ya hana fenti da huda bango, surukanki suna tafe Umara, kuma riyal 500 ne kawai a hannunki, shi ya sa kike tunanin liƙa sitika a ko'ina. Don Allah kada ki liƙa komai tukuna, sai kin durƙusa kin leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanken nan da fitilar waya, domin katako ba ya kumbura haka kawai.

Bayan rusau ɗin da aka yi a Jidda ya tashe mu daga unguwar Gulail, mun samu ɗaki biyu a wani tsohon gini, kuma kin san a wannan lokacin mutum ba ya zaɓe, duk inda ya samu sai godiya. Kabad ɗin irin na matsattsen garin katako ne, a ƙasansa akwai baƙin tabo kamar faɗin faranti, da wani wari mai kama da na tsumman da ya kwana a jiƙe. Na gani da idona, amma kunyar baƙi ta fi ƙarfina. Na je shagon abu hamsa, wato shagon kaya masu araha, na sayo sitika mai zanen marmara, na kwana biyu ina liƙawa har cikin kabad ɗin, na rufe tabon ruf. Duk wadda ta shigo sai ta yaba, ni kuma ina jin daɗi.

Wata bakwai aka yi a haka. A goman ƙarshe na azumi, gwaggon Abban yara ta sauka a wurinmu, tana tsaye a bakin ƙofa muna hira ana saura kaɗan a sha ruwa, na buɗe kabad ɗin zan ɗauko galan ɗin mai, sai katakon ƙasan ya rufta a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Kyankyasai suka fito ta ko'ina, wasu har kan ƙafarta, ga baƙin ruwa yana bin ƙasa zuwa wajen buhun shinkafa. Ashe mahaɗar bututun tana ɗiga tun kafin mu shigo, sitikar kuwa ta hana iska shiga, laimar Jidda ta ƙarasa sauran. Baiwar Allah ba ta ce komai ba, ta ɗauki tsintsiya ta taya ni, kuma shirun nan nata ya fi mini ciwo a kan a ce faɗa ta yi.

Washegari mai ginin ya zo tare da harisi, wato mai gadin ginin. Bai yarda ya shigo mu yi magana a ciki ba, a kan matattakala ya tsaya yana ɗaga murya har maƙwabta suka buɗe ƙofofinsu, yana cewa na lalata masa kicin na kuma ɓoye ɓarnar da takarda. Ya ɗaga guntun sitikar yana nuna wa mutane, ya ce dama mu haka muke duk gidan da muka shiga. Wannan kalmar har yau tana zuciyata. Harisin da ya miƙa mana makulli ranar da muka tare, wanda ya ga tabon tare da ni har ya ce ba komai ba ne, ya sunkuyar da kai bai buɗe baki ba. Ba mu da hoto ko ɗaya, ba mu rubuta matsalar a ko'ina ba, saboda haka kuɗin taminin da muka ajiye saboda ɓarna lokacin kama haya, mai ginin ya riƙe su gaba ɗaya, muka kuma biya mai gyaran famfo daga aljihunmu ana gobe sallah. Na bar shi da Allah, amma ban manta yadda yarana suka laɓe bayan labule suna saurare ba.

To, yau ɗin nan ki ɗauki hoton kowane lungu, da bidiyo idan akwai ɗiga, ki tura wa mai ginin ta WhatsApp domin kwanan wata ya zauna, ki kuma ce wa maigidanki ya duba abin da kwantiraginku na Ejar, wato manhajar gwamnati ta rajistar haya, ya ce game da gyara. Ki shimfiɗa busasshiyar jarida a ƙarƙashin bututun da daddare, da safe za ta nuna miki gaskiya. Sau da yawa ƴar robar mahaɗa ce ta mutu, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Idan an gyara, ki bar ƙofar a buɗe kwana biyu ko uku da fanka a gabanta, sannan ki kankare tsohon silikon ɗin gefen wurin wanke-wanke ki sa sabo, mai hana baƙin danshi, kada ruwa ya taɓa shi sai ya kwana ya wuni.

Ita ƙofar da ta kumbura ba ta komawa daidai. Ki kwance ta ki adana da sukurorinta a leda, ki rataya ɗan labule a gurbinta da sandar nan mai tokare kanta ba tare da ƙusa ba, amma idan wurin yana kusa da murhu ki haƙura da labulen.

Ban ce sitika ba ta da amfani ba, a gidan da nake yanzu ma na sa ta, sai dai a fuskar ƙofofin sama kawai, inda babu ruwa. Dole ki fara wanke maiƙo da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke ko ruwan khal, domin mu masu suya da man ja, abin da ke kwance a kan kabad ɗinmu ba ya barin gam ya kama. Ki bari ya bushe sarai, ki riƙa ɓare bayan takardar kaɗan-kaɗan kina bi da tsohon kati. Ki fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kuma ranar cirewa ki ɗumama ta da na'urar busar da gashi don kada ta ɗauko fatar katakon. Bayan murhu kuwa kada ki sa ta sam, zafi yana naɗe ta, farantin alminiyom da ake jinginawa ya fi. Tun da zancen wanki ya zo, ina roƙonki kada ki haɗa Clorox, wato bilic, da Flash na wanke bayan gida wai don tayil ya yi fari, iskar da suke fitarwa tana shaƙe numfashi, balle a ƙaramin kicin mai taga ɗaya. Tsagin tayil, bekin soda da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi.

Da ni ce ke, mafi yawan kuɗin nan zan sa su ne a abin da zan iya ɗauka ranar tashi, domin mun riga mun ga yadda tashi yake zuwa babu sallama. Ku je Haraj Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo, ke da maigidanki da ma'aunin wurin a rubuce, ku nemi kanta ta ƙarfe mai hawa huɗu ko ɗan kabad na alminiyom, wanda ruwa ba ya ci. Ku wanke shi a waje kafin ya shiga gida, saboda ƙwan kyankyaso yana maƙalewa a kusurwa. Ki canja ƙwan fitila zuwa mai haske sosai, ki sa hatsi da daddawa da kuka a robobi masu murfi, ki ɗaga buhun shinkafa daga ƙasa. Tiyon anbuba ma, wato tukunyar gas, ki shafa masa ruwan kumfa, idan ya yi ƙwai-ƙwai to gas yana yoyo, shi za ki fara saya kafin komai.

Surukanki kuwa ibada ta kawo su, mafi yawan lokacinsu a Harami za su yi. Ki turo mana hoton ƙarƙashin wurin wanke-wanken idan kin duba, in sha Allahu zan gaya miki ko irin nawa ne.