Tambaya da Amsa: Na'urar Numfashi ta Biyu

Tambaya: Daga Unguwar Rimi, Kaduna. Ina shirin zuwa Dahab, wani gari a Masar a bakin Bahar Maliya, in yi nutso da tagwayen silindar iska. Na'urar numfashi ɗaya gare ni, wace iri zan ƙara?

Amsa: Malam, kowace silinda tana buƙatar nata kan na'ura daban (ɓangaren da ake ɗaurawa a bawul ɗin silinda) da bakin shaƙarta. Sayi irin wadda kake da ita sak, saboda kayan gyara su zo ɗaya. Amma in taka mai maƙala ce (wadda ake maƙalawa a kan bawul), mayar da ita DIN mai zare (wadda ake murɗawa cikin bawul kamar noti). Zoben roba na mai maƙala yakan fito in ta bugi dutse, iska ta tsiyaye. Mai zaren bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana hawa bawul ɗin bar 232 ma.

A silindar dama, sa tiyo mai tsawon mita 2.1, shi kake shaƙa, shi za ka miƙa wa abokin nutso in iskarsa ta ƙare. A ta hagu, gajeren tiyo rataye a wuya da roba, tare da gejin matsin iska. Duba ramukan tiyo na kan na'urar: tiyo su kalli ƙasa, kada su lanƙwashe.

Ƙurar hunturun Kaduna kuwa ba ta da kirki. Rufe murfin kan na'urar kafin ka ajiye.