Tambayi Likita: Yaro Mai Lalurar Down a Cikin Aji

Tambaya: Likita, ni malamar firamare ce. An kawo min yarinya 'yar shekara 7 mai lalurar Down, lalurar da ake haifar yaro da ita, mai jinkirta girma da koyo. Sai in yi ta bayani, ta zuba min ido kamar ba da ita nake ba. Taurin kai ne?

Amsa: Malama, don Allah kafin a ɗora mata laifi a gwada kunnenta. Da yawa daga cikin yaran nan na fama da raunin ji, galibi saboda ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne, kuma abin kan zo ya tafi: yau ta ji, gobe ba ta ji ba. A haɗa da gwajin ido.

Ko kunnen lafiya lau yake, doguwar magana ba ta zama musu a ka, amma abin da suka gani da ido suna riƙe shi sosai. In kika ce "ɗauko littafi, buɗe shafi na biyar, rubuta sunanki," na farkon kawai za ta kama. Ki ba ta umarni ɗaya, ki ɗaga littafin ta gani, sannan ki ƙirga goma a zuci kafin ki maimaita. Wannan jiran shi ya fi ba malamai wuya, na sani, amma a cikinsa take haɗa amsarta. Zaunar da ita a gaba, inda take ganin bakinki. Karatu kuwa ki fara da cikakkiyar kalma da hotonta a gefe. Tsokar hannunsu na da laushi, saboda haka fensir mai kauri zai sauƙaƙa mata rubutu.

Tambaya: Ɗana mai lalurar Down kullum gyangyaɗi yake a aji, alhali da wuri yake kwanciya.

Amsa: Alhaji, ka saurare shi da dare. In yana minshari, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo, to barcin bai ishe shi ba. Sai kuma gwajin jini na tayirod (wani ɗan sashe a wuya da ke daidaita kuzarin jiki), wanda ake so a riƙa yi musu duk shekara, don rauninsa na kawo kasala. Kusan rabin masu lalurar ana haifarsu da matsalar zuciya; in ba a taɓa yi masa hotonta ba, a yi.

Tambaya: Wai wani abu na ci da cikin ɗana ya jawo masa lalurar Down?

Amsa: Sam, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom 46 ne a kowace ƙwayar halittar jikin mutum, shi nasa 47, domin mai lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. Tun farkon shigar ciki hakan ke faruwa, kafin ki ma san kina ɗauke da shi.